Wa ke ciki, wa ke waje? Taƙaddamar tantance Kiristocin Ibanjelika

Ranar zaɓe a Amurka, idan mutum ya jefa ƙuri'arsa ya fito, a wasu rumfunan yakan tarar da ma'aikacin kamfanin jin ra'ayin jama'a tsaye a bakin ƙofa da takarda a hannu. Ba a neman suna. Tambayoyi ne gajeru: wa ka zaɓa, shekarunka nawa, nawa kake samu a shekara. Can cikin jerin akwai wadda amsarta i ko a'a ce kawai: kana ɗaukar kanka Kirista mai sabuwar haihuwa, ko ɗan Ibanjelika?

Ba wanda zai bi shi gida ya ga ko yana zuwa sujada ranar Lahadi. Ba wanda zai tambaye shi abin da fastonsa ke koyarwa. Ya sa alama, ya miƙa takarda, ya kama gabansa.

Daga waɗannan alamomin ne aka samo adadin da ya game duniya a 2016, cewa kusan takwas cikin goma na fararen fatar da suka amsa da i sun zaɓi Donald Trump. A 2020 da 2024 ma abin bai canza sosai ba. Amma kafin labarin ya iso rediyon da ake saurara a Kano da Maraɗi da Kumasi, sau da yawa "fararen fata" ɗin ya faɗi a hanya, sai kawai a ji an ce Kiristocin Ibanjelika sun mara wa Trump baya.

Mai sauraro a Jos ko Kagoro, wanda harafin farko na sunan ikkilisiyarsa ta ECWA wannan kalmar yake wakilta, yana da dalilin tambaya: har da ni ake nufi? Amsar ta dogara ga wanda ya riƙe alƙalamin ƙidaya, don su kansu masu ƙidayar sun yi shekaru da dama ba su daidaita ba.

Inda sunan ya samo asali

Tushen kalmar Girkanci ne, ma'anarta bishara. Mabiya Martin Luther a ƙarni na 16 sun kira kansu da ita, shi ya sa har yau babbar tarayyar Furotesta ta Jamus take ɗauke da sunan, ko da yake yawancin malamanta ba su da alaƙa da abin da Ba'amurke ke nufi in ya faɗe ta. A Burazil kuwa ana jingina sunan ga kusan duk wanda Kirista ne amma ba Katolika ba, kuma ƙidayar 2022 ta nuna sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na jama'ar ƙasar.

Ma'anar da ake rigima a kanta ta taso ne daga farkawar addini da aka yi a Ingila da Amurka tun daga shekarun 1730, zamanin John Wesley da George Whitefield da Jonathan Edwards. Wa'azinsu shi ne gadon addini ba ya wadatarwa: haihuwa a gidan Kirista da baftisma tun ana jariri ba su isa ba, sai mutum ya tuba da kansa ya karɓi Yesu Almasihu. Wannan wa'azi bai tsaya a ɗariƙa ɗaya ba. Ya shiga Angilika, ya shiga Baftis da Firesbiteriya, ya haifi Metodis. A 1846 masu wannan ra'ayi daga ɗariƙu daban-daban suka haɗu a Landan suka kafa ƙawance.

Nan matsalar ta fara. Tafiya ce da ta ratsa ɗariƙu, ba ta da Fafaroma, ba ta da rajistar 'ya'ya, ba ta da ofishin da zai ce wane namu ne, wane ba namu ba.

A farkon ƙarni na 20 Furotestan Amurka suka dare biyu kan yadda za a karanta Littafi Mai Tsarki, musamman game da mu'ujizai da asalin ɗan Adam. Masu riƙau suka sha ba'a bayan shari'ar malamin makaranta John Scopes a Tennessee a 1925, suka janye jikinsu daga harkokin jama'a. Sai a 1942 wasu daga cikinsu, da suka gaji da zaman ɗaki, suka kafa ƙungiyar Ibanjelikan Amurka, wato NAE, a birnin St. Louis. Aƙida ba su sake ta ba, fuskar shanun ce suka ajiye. Mai wa'azi Billy Graham ya zama tambarinsu, har masanin tarihi George Marsden ya taɓa yin barkwanci cewa ɗan Ibanjelika shi ne duk mai ƙaunar Billy Graham. Barkwanci ne, amma ya daɗe yana aiki fiye da wasu ma'aunan malamai.

'Yan jarida ba su farga da su sosai ba sai 1976, lokacin da Jimmy Carter, malamin makarantar Lahadi a cocin Baftis, ya fito takarar shugaban ƙasa yana cewa shi mai sabuwar haihuwa ne. Mujallar Newsweek ta kira shekarar da shekarar Ibanjelika. Tun daga nan ake son sanin yawansu, kuma ba ya yiwuwa a ƙirga abin da ba a shata iyakarsa ba.

Ma'auni uku, amsa uku

Ma'auni mafi sauƙi shi ne na bakin rumfar zaɓe: tambayi mutum, ka karɓi abin da ya ce. Kamfanin Gallup ya yi shekaru yana haka, kuma yakan sami kusan huɗu cikin goma na Amurkawa. A cikinsu akwai 'yan Katolika, akwai waɗanda rabonsu da coci tun ranar aurensu.

Na biyu shi ne aƙida. Wanda ya fi shahara a nan David Bebbington ne, masanin tarihi ɗan Birtaniya, wanda a 1989 ya ware alamomi huɗu: ɗaukaka Littafi Mai Tsarki a kan kowace hujja, mai da mutuwar Yesu a kan gicciye cibiyar koyarwa, wajabcin tuba ta kai da kai, da himmar fita yin bishara da hidima. A 2015 NAE da cibiyar bincike ta LifeWay suka mai da irin waɗannan alamomi jimloli huɗu da ake karanta wa mutum, sai ya amince da dukkansu ƙwarai kafin a sa shi cikin lissafi. Kusan uku cikin goma suka haye. Cibiyar Barna ta fi tsanani, sharuɗɗanta tara ne, kuma waɗanda ke cika su ba sa kai ɗaya cikin goma.

Da LifeWay ta gwada ma'aunan biyu a kan mutane ɗaya a 2017, sai ta ga waɗanda suka kira kansu Ibanjelika, ko rabinsu ba su riƙe jimlolin huɗun da ƙarfi ba.

Na uku shi ne ɗariƙa: kada ka tambayi zuciyar mutum, tambaye shi inda yake sujada, kai kuma ka duba jerin da ka riga ka tsara. Wannan ne cibiyar Pew ke amfani da shi a babban bincikenta na addini, inda ta sami kusan kashi 25 cikin ɗari a 2014, da kusan 23 a na 2023 zuwa 2024.

Ƙasa ɗaya ce, mutane ɗaya, amma adadin na iya tashi daga ƙasa da kashi 10 zuwa kusan 40. Mai karatu Musulmi ba zai yi mamaki ba. Ya san yadda lissafin Ahlus Sunna ke sauyawa, gwargwadon ko ɗan Izala ne ya riƙe alƙalami ko ɗan ɗariƙa.

Jerin da ya raba 'yan gida ɗaya

Ma'aunin ɗariƙa ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, don shi malaman jami'a suka fi dogara da shi tun bayan tsarin da Brian Steensland da abokan aikinsa suka wallafa a 2000. Ana kasa Furotestan Amurka gida uku: na Ibanjelika, na tsofaffin ɗariƙu masu sassauci, da na ikkilisiyoyin baƙaƙen fata na tarihi.

Layin ba ya bi tsakanin Baftis da Metodis ko Lutaran. Ta tsakiyar kowannensu yake ratsawa. Baftis ta Kudu, ɗariƙar Furotesta mafi girma a Amurka mai mabiya kusan miliyan 13, tana gidan Ibanjelika. 'Yar'uwarta ta Arewa, wadda suka rabu da ita a 1845 kan batun bauta, tana gidan masu sassauci. Firesbiteriya ma haka: babbar tana gidan masu sassauci, ƙaramar da ta ɓalle a 1973 tana gidan Ibanjelika.

Abin dariya yana wajen Lutaran. ELCA, wadda aka kafa a 1988, tana ɗauke da kalmar Ibanjelika a farkon sunanta, amma an jera ta cikin masu sassauci. Ɗariƙar Lutaran ta Missouri kuwa an sa ta cikin Ibanjelika, alhali malamanta da yawa ba sa son a haɗa su da masu kiran mutane su fito gaba su karɓi Yesu, don su a koyarwarsu sabuwar haihuwa tana cikin baftisma, har ta jariri.

Me ake dubawa ke nan? Tarihi da abokan tafiya. Ɗariƙar da ke cikin majalisar ikkilisiyoyi ta ƙasa da ta duniya, wadda ta karɓi nazarin nassi irin na jami'a, ta fi ba da ƙarfi ga gyaran al'umma, akan tura ta gefe ɗaya. Wadda ta ƙi waɗannan majalisu ta nace kan cewa nassi ba ya kuskure, akan tura ta ɗaya gefen. A gaskiya jerin taswirar faɗace-faɗacen Furotestan Amurka ne na shekara ɗari da wani abu, ba taswirar aƙidar mutanen da ke zaune a kan benci ba. Akwai miliyoyi a cikin ɗariƙun da ake kira masu sassauci da za su amince da alamomin Bebbington ba tare da inda-inda ba.

Baƙaƙen fata a ɗaki na dabam

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne gida na uku. A binciken NAE da LifeWay na 2015, baƙaƙen fata ne suka fi kowa cika sharuɗɗan aƙidar, fiye da huɗu cikin goma, fararen fata kuwa kusan uku. In da aƙida ake bi, Ibanjelikan Amurka ba za su yi fari kamar yadda talabijin ke nuna su ba.

Masu ware su suna da hujja mai ƙarfi. Ikkilisiyar AME, wadda Richard Allen ya jagoranci kafawa a Philadelphia a 1816, ta tashi ne don an wulaƙanta baƙaƙe a cocin fararen fata. Manyan tarayyoyin Baftis na baƙaƙe ma daga wannan tarihin suka fito. Wa'azinsu ya haɗa ceton rai da neman 'yanci ta hanyar da cocin fararen Kudu bai yi ba, kuma kusan tara cikin goma na mabiyansu jam'iyyar Dimokurat suke zaɓa. Mai binciken siyasa da ya zuba su a kwando ɗaya da Baftis ta Kudu ba zai gane komai daga lissafinsa ba. Da yawa daga cikinsu ma ba sa son sunan.

Sai dai a lura da abin da hakan ke nufi. Idan mutum ya ce wa Pew shi Baftis ne kawai, bai san wane reshe ba, ana duba launin fatarsa kafin a yanke ɗakin da za a sa shi. Ma'aunin da aka ce na addini ne, ashe launi da tarihin bauta suna cikin ƙashin bayansa.

Masu zama a bakin iyaka

'Yan Fentikos, waɗanda tafiyarsu ta yi ƙarfi daga taron titin Azusa a Los Angeles a 1906 ƙarƙashin William Seymour, masu riƙau na farko sun guje su saboda magana da harsuna. NAE ta buɗe musu ƙofa tun farkonta, kuma yau su ne reshen da ya fi saurin yaɗuwa a duniya. Ƙawancen Ibanjelika na Duniya yana cewa yana wakiltar mutum wajen miliyan 600, kuma ba a kai wannan adadi sai an haɗa da su. Duk da haka akwai 'yan Fentikos da suka ƙi koyarwar Allah Uku Cikin Ɗaya, waɗanda ƙungiyoyin Ibanjelika ba sa karɓa, ko da masu ƙidaya sun jera su tare.

Masu sujada ranar Asabar, wato Adbentis, an yi muhawara mai zafi a kansu a shekarun 1950, har yanzu kuma ba kowa ya gamsu ba, amma Pew ta sa su ciki. Momon da Shaidun Jehobah kuwa kusan kowa ya yarda suna waje, ko da yake a ƙwanƙwasa ƙofa don wa'azi ba a fi su ba. Wannan kaɗai ya nuna himmar bishara ita ɗaya ba ta isa shaida ba.

Ga kuma cocin da ba sa ƙarƙashin kowace ɗariƙa, waɗanda ke ta ƙaruwa a Amurka yayin da tsofaffin ke raguwa. Jerin da aka gina a kan sunayen ɗariƙu ba shi da abin kamawa a nan, dole ya koma ga tambayar bakin rumfa.

Da siyasa ta ari rigar

Bayan 2016 wani sabon abu ya bayyana. Pew ta bi sawun mutane ɗaya daga 2016 zuwa 2020, ta ga a cikin fararen fata masu son Trump waɗanda da ba sa kiran kansu Ibanjelika, kusan ɗaya cikin shida sun fara yin hakan. Masanin siyasa Ryan Burge, wanda shi kansa ya yi aikin fasto a Baftis, ya nuna cewa fiye da rubu'in masu amsa sunan ba safai suke zuwa coci ba, har ana samun waɗanda ba Kirista ba ma suna amsa shi. A fassararsa, sunan yana rikiɗewa zuwa wata hanyar cewa ni ɗan Rifablikan ne.

Wasu suka ga gara su tuɓe rigar. Ƙungiyar ɗalibai Kirista ta jami'ar Princeton, wadda ta shafe shekaru kusan 80 da kalmar a sunanta, ta cire ta a 2017. Wasu kuma suka ce ba za su bar wa 'yan siyasa gadon Wesley ba, ballantana tunda yawancin masu sunan yanzu suna Afirka da Asiya da Latin Amurka, ba ruwansu da zaɓen wata ƙasa.

Hujjar waɗannan na biyu ta fi nauyi. Amma ba su ne ke rubuta kanun labarai ba.

Idan aka shimfiɗa taswirar a ƙasarmu

ECWA ba ta da wahalar jerawa. Daga mishan ɗin SIM ta fito, wadda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka faro da isowarsu Legas a 1893. Biyun farko sun rasu cikin shekara guda, Bingham ya nace har aka kafa tasha a Patigi a 1902. Ikkilisiyar ta tsaya da ƙafarta a 1954, kuma ba ta shiga Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya ba. Ɗanta Byang Kato, mutumin Kwoi, ya zama babban sakataren ƙungiyar Ibanjelikan Afirka a 1973, ya yi jawabi a taron bishara na duniya da aka yi a Lozan a 1974, kuma har rasuwarsa a 1975 yana jan kunne game da tauhidin sassauci da ke shigowa ta hanyar waccan majalisa. A Nijar ma ikkilisiyar EERN daga SIM ta fito, mishan ɗin da ya gina asibitin Galmi. Ta kowane ma'auni, suna ciki.

Daga nan sai layukan su fara karkacewa. Baftis ta Nijeriya 'yar Baftis ta Kudu ce, tun zuwan Thomas Bowen a 1850. Uwar ba ta taɓa shiga majalisar duniya ba, 'yar kuwa tana ciki. A wane ɗaki za a sa ta? EYN, wadda ta faro a Garkida a 1923, uwarta a Amurka tana cikin majalisun da ake ɗauka alamar sassauci ce. LCCN ta Numan tana cikin tarayyar Lutaran ta duniya tare da ELCA, har babban bishof ɗinta Musa Panti Filibus ya shugabanci tarayyar daga 2017 zuwa 2023. Amma duk wanda ya taɓa zama a taron Zumuntar Mata ko ya ji wa'azin 'yan Sabon Rai a ƙauyukan Adamawa da Borno ya san tuba da gicciye da fita bishara su ne abincin yau da kullum a waɗannan ikkilisiyoyi.

Angilika ta fi kowa rikita lissafi. Ƙungiyar mishan ta CMS, wadda ta kawo ta, ta sa hannu a aikin Samuel Ajayi Crowther, ta kuma kafa Wusasa, Ibanjelikan cocin Ingila ne suka ƙirƙire ta a 1799. Angilika ta Amurka tana sahun gaba a jerin masu sassauci, ita kuwa ta Nijeriya, ƙarƙashin Peter Akinola, tana cikin waɗanda suka jagoranci taron GAFCON a birnin Ƙudus a 2008 don yi wa wannan sassaucin tawaye.

Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya ta CAN, da aka kafa a 1976, ta yi nata rabon gida biyar: Katolika, majalisar CCN inda Angilika da Metodis da Baftis suke, 'yan Fentikos, ikkilisiyoyin da Afirkawa suka kafa da kansu irin su Kerubim da Serafim, sai rukunin tarayyar ikkilisiyoyi ta TEKAN da ECWA. Babu gidan da ya mallaki sunan shi kaɗai. Da ma'aunin Bebbington, aƙalla uku daga cikin biyar ɗin za su cika da masu cancanta.

Gardamar da ta fi zafi a nan ma ba ta sassauci ba ce, ta wa'azin arziki ce. Malaman makarantun tauhidi irin su JETS a Jos da TCNN a Bukuru sun daɗe suna tambaya ko cocin da ya mai da baiko jari, ya mai da wadata shaidar bangaskiya, yana nan a kan bishara. Masanan ƙungiyar Lozan sun zauna kan batun a Akropong ta Ghana, kuma taron Cape Town na 2010 ya soki koyarwar. Amma masu ƙidayar duniya suna haɗa mai sukar da wanda ake suka a layi ɗaya.

Taraba, inda layin ya ratsa cikin coci

Misali mafi kusa shi ne na Metodis ta UMC. A Amurka tana cikin jerin masu sassauci, kuma tsakanin 2019 da 2023 kusan rubu'in majami'unta na can sun fice kan batun auren jinsi, da yawa suka koma sabuwar ɗariƙar Global Methodist da aka kafa a 2022. A babban taronta na Charlotte a 2024 UMC ta soke haramcin da ke cikin dokokinta.

Reshenta na Nijeriya, wanda ƙarfinsa ke Taraba kuma yake cikin TEKAN, ya tsage a wannan shekarar. Bishof John Wesley Yohanna ya ajiye muƙami ya bi sabuwar ɗariƙa da mabiya masu yawa. Waɗanda suka zauna suka zaɓi Ande Emmanuel. Rigimar gine-gine da kadarori ta kai kotu, a wasu wuraren ta kai ga asarar rayuka.

Ɓangarorin biyu suna cewa aure tsakanin namiji da mace ne. Littafin waƙoƙinsu ɗaya, Littafi Mai Tsarkinsu na Hausa ɗaya. Saɓaninsu a kan wanda za a ci gaba da zumunci da shi a ƙetare ne, da wanda zai riƙe makullin majami'a. Amma mai bin jerin ɗariƙu da ya zo ƙirga su zai rubuta maƙwabta biyu a Jalingo, ɗaya a shafin masu sassauci, ɗaya a wani shafin, bisa sunan da ke jikin allon ƙofar cocinsu.